Ba Celia Cruz ce za a koya wa salsa ba

Akwai wata gardama da ake yi a duniyar kiɗan Latin Amurka wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma ni dai duk sanda na ji an tayar da ita sai raina ya koma kan albam guda ɗaya, wato La Negra Tiene Tumbao na marigayiya Celia Cruz da ya fito a 2001. Gardamar ita ce wai idan mawaƙin salsa ya ɗauko kiɗan titi na samari, irin su gambarar zamani da regge da kiɗan inji, ya zuba a cikin waƙarsa, to ya sayar da gado ne don neman kasuwa. Ni ban yarda ba, kuma wannan matar ce hujjata.

Sai an san wace ce ita tukuna kafin a gane nauyin abun da ta yi. An haife ta a Habana ta ƙasar Kyuba a 1925, ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Sonora Matancera a 1950 ta yi shekara 15 tana jan waƙa a gabansu, ta bar Kyuba a 1960 bayan Fidel Castro ya karɓi mulki kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake zama a ƙasarta ba. Lokacin da salsa ta yi tashe a Nuyok, ita ce mace tilo a cikin ƙungiyar taurarin kamfanin faya-fayai na Fania, maza zalla kewaye da ita. To mace irin wannan, tana da shekara 75 da 'yan kai, ta riga ta tara suna da lambobin yabo, ba abun da take nema wajen kowa, ita ce ta shiga situdiyo da furodusa Sergio George ta yarda aka saka mata ɗan gambara mai suna Mikey Perfecto a tsakiyar waƙar da albam ɗin ya ci sunanta. Wane neman kasuwa kuma? Wadda duniya ta riga ta yi wa sarauta me za ta roƙa a wajen yara?

Abun da ya fi ba ni mamaki da masu kukan an gurɓata salsa shi ne sun manta asalin abun da suke karewa. Kalmar salsa fa ma'anarta miya a Sifaniyanci, kuma an san fitaccen makaɗin nan Tito Puente da cewa shi salsa abun ci ce, kiɗan da yake yi na Kyuba ne. Miya kuwa ai haɗi ce, ba a taɓa yin ta da abu ɗaya ba. Kamfanin Fania da ya tallata sunan a duniya an kafa shi ne a 1964, Johnny Pacheco ɗan Jamhuriyar Dominika da wani lauya Ba'amurke Jerry Masucci suka haɗa hannu, makaɗan kuma yawancinsu 'ya'yan 'yan ci-rani ne daga Puerto Rico da suka tashi a unguwannin talakawa na Bronx da Harlem a Nuyok, kunnensu ɗaya na jin kiɗan Kyuba da ake kira son da iyayensu ke sawa a gida, ɗayan kuma na jin jaz da kiɗan baƙaƙen fatan Amurka da ke tashi a maƙwabta. Daga nan salsa ta fito. Ita kanta kiɗan titi ce tun ranar da aka raɗa mata suna. Kuma ba yau aka fara wannan kukan ba, a shekarun 1960 da samari suka zo da bugalu, haɗin kiɗan Latin da na baƙaƙen fatan Amurka, dattawan makaɗa sun raina shi, a shekarun 1980 da aka koma salsar soyayya mai laushi nan ma aka ce an kashe ta. Kullum dai ana mata jana'iza, ita kuma tana can tana cika filin rawa.

Bari in faɗi yadda ni nake auna irin wannan haɗin, sabida ba kowane haɗi ne nake goyon baya ba. A salsa akwai abun da suke kira klabe, wasu 'yan sanduna biyu ne na katako da ake bugawa, bugu biyar kacal, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Kamar ba komai ba, amma shi ne ginshiƙin gidan, ganga da fiyano da ƙahonni da mawaƙi duk a kansa suke tsaye, ko da ba a ji sandunan a fili ba suna nan a cikin jinin kiɗan. Sai kuma tumbawo, kalmar da ke cikin sunan albam ɗin, wato salon da mai jitar bes da mai gangunan konga suke bi, wanda ba ya faɗowa inda kunnenka ke jira, sai ya riga ka da ɗan kaɗan, shi ne yake sa ƙugu motsi. A bakin mutanen Karibiyan kuma kalmar tana nufin taku, irin tafiyar ƙasaita ta wanda ya san kansa. Shi ya sa sunan albam ɗin ya zama magana biyu, baƙar mace mai taku, baƙar mace mai kiɗa a jiki.

Na gwada wani abu wata rana da daddare bayan an ɗauke wuta, gari ya yi tsit. Na sa abun kunne na kunna waƙar, na ce bari in ga ko zan iya riƙe bugu biyar ɗin nan da yatsa a kan gwiwata tun daga farko har ƙarshe. Farkon waƙar bugun yana da nauyi irin na kulob, kamar ba salsa ba, amma yatsana ya samu wajen zama. Ɗan gambaran ya shigo yana zuba magana da sauri, ban ɓace ba. Da ya gama sai ƙahonni suka tashi, 'yan amshi suka karɓa, muryarta ta dawo da wannan kaurin nata kamar wadda ta ba yaro aron kujera na minti ɗaya ta dawo ta zauna. A nan na gane cewa baƙo ne aka yi wa shimfiɗa a gidan, mai gida na nan daram.

Maganar 'yan amshi ma ita ce zuciyar lamarin, kuma mu nan ba sai an mana dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗin gargajiya da 'yan amshinsa ya san abun. A salsa akwai gaɓar da 'yan amshi za su riƙe layi ɗaya suna maimaitawa, jagoran waƙa kuma ya dinga ƙirƙiro baiti a take yana jefawa a tsakani, suna ce wa abun soneyo. Nan ake gane gwani da ɗan koyo. Wannan tsarin na kira da amsawa bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tsallaka teku da shi, kuma idan ka duba da kyau shi ma ɗan gambara abun da yake yi kenan, jefa magana a kan bugu. 'Yan uwa ne da suka rabu a hanya, ɗaya ya sauka Kyuba, ɗaya Jamaika, ɗaya Amurka. To don sun haɗu a waƙa ɗaya sai a ce an kawo bare?

Wanda yake shakka ya nemi bidiyon wasan da Celia ta yi a Kinshasa a watan Satumba na 1974, a bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ga ta nan cikin doguwar riga mai launuka, Pacheco na gefe yana jan ragamar makaɗa yana taka rawa, jama'ar Kongo cike da filin wasa ba sa jin Sifaniyanci amma sun gane kiɗan sarai, don rumbar da suke yi a ƙasarsu ta sha ruwan faya-fayan Kyuba tun shekaru kafin nan. Matar da ta ga wannan da idonta ta san kiɗa tafiya yake yi ya dawo, ba a ɗaure shi a turke.

Yanzu kuma in yi adalci ga ɗaya ɓangaren, don suna da abun faɗa. Bayan regeton, kiɗan titi mai haɗa regge da gambara cikin Sifaniyanci, ya fashe a duniya wajen 2004, gidajen rediyon Latin suka juya masa, mawaƙan salsa da yawa suka shiga tsoron a manta da su, aka fara wani haɗi da aka kira salsaton. La India, wadda ake wa laƙabi da gimbiyar salsa, ta fitar da albam ɗinta Soy Diferente a 2006 a kan wannan layin, har da mawaƙiyar regeton Ivy Queen a ciki. Ita ma ba baƙuwar titi ba ce, a Bronx ta girma, da kiɗan rawa na kulob cikin Turanci ta fara kafin makaɗin fiyano Eddie Palmieri ya jawo ta salsa a 1992, sabida haka ba wanda zai ce ta ari rigar da ba tata ba. Muryarta kuwa wallahi sai dai a yi shiru. Amma a kunnena akwai bambanci. Bugun regeton da suke kira dembo, wanda ya taso daga Jamaika ya bi ta Fanama ya zauna a Puerto Rico, inji ne ke maimaita shi, ba ya numfashi, ba ya jiran kowa. Idan aka ba shi gaba sai ya cinye filin da mai ganga da mawaƙiya suke zantawa da juna, gaɓar soneyo ta matse, waƙa ta zama mai saurin shiga kai mai saurin fita. Wannan asara ce ta gaske, kuma wanda ya yi kuka a kanta ban ga laifinsa ba. Inda muka rabu shi ne su suna ganin laifin haɗin ne, ni kuma ina ganin laifin awo ne, gishiri in ya yi yawa ba a cewa a daina sa gishiri.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, kuma yana ci min tuwo a ƙwarya, shi ne mata aka fi tsananta wa a wannan shari'ar. Salsa gida ne da maza suka mamaye, su ne masu ƙungiya, su ne furodusoshi, su ne masu kamfani. Mace in ta samu shiga sai a so ta tsaya inda aka ajiye ta kamar kayan ado, in ta tsufa a so ta dinga maimaita tsofaffin waƙoƙinta a wajen bikin karramawa. Namiji ya gwada sabon abu a ce gwani ne mai hangen nesa, mace ta gwada a ce furodusa ne ya juya ta. Ku duba 2025 da Bad Bunny, sarkin kiɗan titin kansa, ya sa cikakkiyar waƙar salsa da matasan makaɗa a albam ɗinsa, ai yabo ya dinga sha ta ko'ina ana cewa ya dawo da samari ga gadon kakanninsu. Na ji daɗin abun, gaskiya. Amma hanyar da ya bi ya iso salsa, wata tsohuwa ce ta fara share ta daga ɗaya gefen shekara 24 kafin nan.

Kuma su kansu ma'abota salsar ba su juya wa Celia baya ba. A 2002 albam ɗinta La Negra Tiene Tumbao ya ci kyautar Grammy ta Latin a matsayin albam ɗin salsa mafi kyau, ba a wani rukuni na daban ba, a rukunin salsa. A 2024 Amurka ta buga hotonta a jikin tsabar kwata, wato senti 25 na dala, da kalmar nan tata ta Azúcar, wato sukari, da take ƙwallawa a tsakiyar waƙa.

Abun da ya gama gamsar da ni cewa zaɓinta ne ba tura ta aka yi ba shi ne albam ɗin da ya biyo baya. An riga an mata tiyata a ƙwaƙwalwa sabida ciwon daji, jiki ya yi rauni, amma ta koma situdiyo ta ɗauki Regalo del Alma, ta sake aiki da Sergio George, ta kuma gayyato El General, ɗan Fanama da yake cikin waɗanda suka fara regge da Sifaniyanci. Ta rasu ran 16 ga Yuli 2003 a gidanta da ke Fort Lee a jihar New Jersey, albam ɗin bai fito ba sai bayan an binne ta.