Furar roba da furar ƙwarya ba ɗaya ba ne

Jiya a majalisa wani ƙanenmu da ya dawo daga karatu yake ba mu labarin yadda Turawa masu shan giya ke musu a kan kofi. Wai a Beljiyam kusan kowace giya da kofinta, a Ostiriya kuma akwai kamfanin Riedel da ke ƙera kofin gilashi daban-daban gwargwadon irin inabin da aka yi giyar da shi. Wani da doguwar ƙafa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin sha, wani da tsukakken baki don ƙamshi ya taru a hanci. Aka kwashe da dariya, ana cewa rashin aikin yi ne.

Ni ban yi dariya ba. Giya haramun ce, ba ruwanmu da ita, amma zancen mazubi ai mu ma mun san shi, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

A dama fura da kindirmo a ƙwarya, a rufe da faifai, a miƙo maka da ludayin duma. Gobe a dama irinta a robar da ta kwana da miyar kuka. Wallahi ko da ido rufe sai ka bambance. Roba tana riƙe wari, in rana ta buge ta kuma nan da nan nonon ya ɗau ɗumi. Ita ma ƙwarya ba daga saye sai sha ba: sabuwa ɗaci gare ta, sai an kankare cikinta, an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa. Iyayenmu mata ba su taɓa ganin wannan a matsayin wahala ba.

Ruwan randa fa? Jikinta yana tsattsafo, iska ta busar da danshin, zafin ya tafi da shi. Shi ya sa a watan Afrilu, ba wuta ba firji, moɗa ɗaya ke kashe ƙishi.

Na yarda akwai sabo a ciki. Ɗan ƙaramin kofin da Buzaye ke zuba shayi, rabin daɗinsa kumfa ne da hira.

Amma ranar Alhamis a kasuwar Maigatari na tarar da mai nono ta zubo shi a bokitin fenti. Na ce, "Inna, ina ƙwaryar?" Ta ce ta fashe a kan babur, roba kuwa ko ta faɗi sai dai a ɗauka a kaɗe. Na saya, na ƙulla a leda, sai da na isa gida na juye a ƙwarya.