Yunwa ce ke korar 'yan jarida daga rediyoyin Damagaram

Makon jiya na tari kabu-kabu a bakin kasuwar Dole, ashe mai babur ɗin yaron da na koya wa riƙon makirufo ne. Shekara da shekaru shi ke karanta labarun Hausa na yamma a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram. Ya ce mini wata bakwai ba a ba shi ko dala ba, ga mata ga 'ya'ya. Da na kai maganar fadarmu, wani tsohon hannu a aikin ya ce wai yaran yanzu ba su da haƙuri, aikin jarida ai sadaukarwa ne. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai.

Sadaukarwa ga wa? Mai gidan rediyo yana karɓar kuɗin sanarwar biki da ta rasuwa, da tallar masu maganin gargajiya, da shirye-shiryen ƙungiyoyin agaji. Wakilin da ya yi sammako zuwa Mirya ko Magarya ya ɗauko muryar manomi, shi ake ce wa ya jira ladan Allah. Abin da ya rage masa ambulan ne: a tashi taro, a rubuta sunaye, a miƙa jaka biyu ko biyar da sunan kuɗin mai. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi ambulan da safe, da wane baki zai tambayi mai ba shi dalilin da famfunan unguwannin Birni da Zango ke bushewa duk bazara?

Na san akwai tsoro. Ba mu manta ɗan jarida Musa Kaka ya yi fiye da shekara a kurkuku daga 2007 ba. Dokar 2010 ta cire ɗauri kan laifin jarida, sai ga shi a 2024 an maido da shi cikin dokar laifukan intanet. Amma yaron nan ba sammaci ya raba shi da makirufo ba, buhun hatsi ne. Masu cewa Facebook da WhatsApp ne suka kashe sana'ar kuwa, su leƙa ƙauye da magariba su ga abin da ke kunnen mutane.

Kunya ce babba. Matashi ya gama makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai ko jami'ar André Salifou ta Damagaram, ya shigo da zuciyarsa, mu tatse muryarsa, in ya yi ƙorafi mu kira shi marar haƙuri. Duk gidan rediyo ko jaridar da ba ta iya nuna takardar ɗaukar aiki da shaidar biyan albashi, bai kamata hukuma ta sabunta mata izini ba. Masu gidajen nan suna da kuɗin man janareta kullum, su nemo na ma'aikatansu.