Wutar Kakanni a Daminar Agege

Da a ce na tsaya kan abin da ke cikin littafi, da yanzu fatar tafin hannuna tana nan yadda Allah Ya halicce ta.

Darasin fasaha nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Agege, ba nisa da Zango. Kusan duk ɗalibanmu 'ya'yan mutanenmu ne: mahautan da ke aiki a kwatar Oko-Oba, 'yan canji, masu sauke albasa da tattasai a Mile 12. Yawancinsu a nan Ikko aka yanke musu cibi. Suna jin Hausa sarai, sai dai in suna magana za ka ji Yarbanci da buroka suna leƙowa ta tsakiya. Arewa kuwa sai da Sallah, ita ma in iyaye sun sami kuɗin mota.

Ran nan muka zo kan tarihin fasaha da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ni kuwa in aka taɓo wannan fanni, bakina ba shi da birki. Na ba su labarin kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987, a yankin da yanzu yake jihar Yobe, yana haƙa rijiya, masana suka ce ya kai shekara 8,000. Na ba su na mutanen Nok, da suke narka tama su fitar da ƙarfe a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Na ce mai shakka ya hau danfo ya je gidan tarihi na Onikan ya ga kawunan yumɓun da suka gina. Ina cikin wannan tashe sai wani ɗan ƙaramin yaro da ke zama bakin taga ya ɗaga hannu.

"Malam, to da me suka hura wutar? Akwai ashana lokacin?"

Na yi dariya irin ta manya. Na ce ina ashana, ina laita? Ko dai a murza itace a kan itace har ya kama, ko a buga ƙyastu, wato ƙarfen kunna wuta, a jikin dutsen ƙanƙara tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi.

"Malam, kai ka iya?"

A nan ne ya kamata in ce a buɗe shafi na gaba. Amma ido 36 suna kaina, ni kuma na shekara uku ina yi musu gorin cewa su 'yan burodi ne, mu ne muka tashi a ƙauye. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni da aka haifa a ƙasar Katsina? Laraba mai zuwa kowa ya zo, za ku gani da idonku."

Gaskiyar magana, sau biyu na taɓa ganin kakana ya buga ƙyastu a gona. Ina ɗan shekara bakwai, kuma hankalina duk yana kan gyaɗar da za a gasa.

Na so maganar ta mutu a aji, amma kafin a tashi ta isa ofis. Hedimasta ya kira ni yana ta fara'a. Ya ce wannan shi ne koyarwa a aikace, irin abin da iyaye ke son ji, shi ma zai zo da kansa, har zai ɗauki hoto a sa a Facebook. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai ka wahalar da kanka ba." Ya ce ba wata wahala.

Kwana biyar na yi ina kallon masu yin abin a intanet, har data ta ƙare na sake saye. A waya abin ba wuya: mutum ya zauna a daji, murza ɗaya, murza biyu, hayaƙi. Na tafi wurin 'yan katako aka yanko min guntun falanki mai nauyi, ni a ganina mai ƙarfi shi ne mai kyau. Ban tuna cewa duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland ya ga gumagumai suna iyo a ruwa wajen Ebute Metta ba, wato itacen garin nan tun kafin a tsaga shi ya sha ya ƙoshi. Dutse kuma ya zama aiki, domin Legas yashi ce da laka, tsakuwar gini ma a tifa ake kawo ta daga wajen Abeokuta. Na tsinci 'yan ƙwayoyi a gaban wani gini. Audugar rimi na farke matashin kaina don in samu, sai na tarar soso ne a ciki. Saura sandar murzawa. Na shiga kicin da dare na ga maburgin uwargida a rataye, miƙaƙƙe, sumul. Na fere masa yatsun na sa a jaka.

Wanda bai zauna a Ikko cikin watan Yuni ba ba zai gane ba. Gishiri yakan jiƙe a cikin gwangwani, takalmi ya yi hunhuna a ƙarƙashin gado, rigar da aka shanya ran Litinin ta kai Alhamis tana ɗanya. Ranar Larabar tun asuba ake tsuga ruwa. Na yi murna, na ce Allah Ya kawo mafita. Ina shiga makaranta na tarar an kwashe bencina an jera a baranda, hedimasta yana zaune a kan kujerarsa, har malaman Islamiyya sun fito kallo.

Na naɗe hannun riga, na durƙusa, na take falanki da ƙafa, na yi bisimilla. Na fara yi musu bayani cikin gadara: gogayya ce ke haifar da zafi, zafin ya ƙona garin itacen, garin ya taru ya zama garwashi. Bayanin daidai ne, ko yau aka tashe ni daga barci zan maimaita shi. Na kafa maburgi na shiga murzawa kamar mai burga miyar gidan biki.

Minti biyar, sai ƙara kawai, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar ɓera a cikin sili. Minti goma, tafin hannuna ya ɗauki zafin da falankin ya ƙi ɗauka. Hannu ya riƙa zamewa ƙasa, in koma sama in sake farawa, duk ɗan ɗumin da na tara ya tsere. Can dai wani ɗan wari ya taso, irin na tuwo in ya fara kamawa. Na sunkuya na ƙara ƙaimi. Ina kallo, gumi ya taru a kan hancina, ya yi lilo, ya ɗiga tsakiyar ramin, ɗis.

Monita ta ce, "Malam, ko a kawo maka ruwa?" Na ce ruwan da ke wurin ya isa.

Na share, na sake kamawa, ido a rufe, ina karanto duk addu'ar da na sani. Kwatsam sai na ji ajin ya kaure: "Wuta! An kawo wuta!" Na yi tsalle na miƙe, hannu sama, na ce, "Allahu Akbar! Ba na gaya muku ba?" Na duba falanki, yana nan sanyi ƙalau. Ashe fankar baranda ce ta fara juyawa, bayan kwana uku ba lantarki. Hedimasta ya sauke wayarsa a hankali. Wani malamin Islamiyya ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Na koma kan tsakuwa. Na buga ta da wuƙar kicin, ba tartsatsi. Na buga da ƙarfi, tsakuwar ta yi tsalle ta faɗa kwata. Bororo huɗu ne a hannuna lokacin, biyu sun fashe.

Duk wannan abin Baba mai gadi yana zaune bakin ƙofa yana dafa shayinsa. Buzu ne daga wajen Tawa, shekara uku muna gaisawa ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba. Ya taso ya ɗauki falankin, ya danna shi da farce, ya shinshina.

"Malam, wannan na ƙofa ne." Ya ce ana son itace mai taushi ne, busasshe ƙamas, su a can da tumfafiya suke yi. Kuma sai an yi ɗan tsagi a gefen ramin, inda garin zai zuba ya taru, in ba haka ba ko shekara zan yi sai dai in huda katako. Ya dubi wuƙar ya girgiza kai, ya ce irin wannan mai ƙyalli ba ta ba da wuta.

Ya shiga ɗakinsa ya fito da guntun tsohon magagari da wani farin dutse da ya ce daga gida ya zo da shi. Ya yagi tsumman atamfa ya cusa a gwangwani, ya rufe, ya huda murfin, ya ɗora kan gawayin shayi. Da hayaƙi ya daina fita ya sauke, tsumman ya yi baƙi ƙirin amma bai zama toka ba. Ya ɗora shi kan dutsen, ya kafta magagari sau uku. Wani ɗan jan ɗigo ya bayyana, yana faɗaɗa. Ya naɗe shi cikin ɓawon kwakwa da ya tsefe, ya hura a hankali, harshen wuta ya tashi.

Yaron bakin taga bai haƙura ba. "Baba, ai da wuta ka gasa tsumman. Ita ta farkon fa?"

Baba ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka kullum ake wannan wahalar? Wuta ba a barinta ta mutu. In ta mutu, yaro ake ba tsingaro a aike shi maƙwabta ya ɗebo."

Sai a lokacin na tuna. Wallahi wannan aikin ni ne nake yi a gidanmu kowace safiya, ina gudu ina hura garwashi kar ya mutu a hanya. Shi ya sa har yau in baƙo ya ƙi zama ake ce masa, kamar ka zo ɗiban wuta? Ashe fasahar kakanni guda ɗaya da na iya da gaske ke nan, ita kuma ba ta shiga jarrabawa.

Yara suka yi layi. Baba yana riƙe hannun kowa yana gyara masa yadda zai karkata dutsen. Monita ta kunna a bugu na shida, ta yi ihun da sai da 'yan aji uku suka leƙo. Kafin a buga ƙararrawa mutum tara sun samu. Aka ce saura Malam. Na karɓa da hannun da ke zugi, na ɗaga magagari, na sauke shi a kan babban yatsana. Wannan hoton kam hedimasta bai rasa shi ba.

Da magariba na isa gida da hannu a naɗe. Ban san labari ya riga ni ba, na manta 'yar maƙwabtanmu tana ajin. Na tarar da uwargida zaune gaban risho tana ƙyasta ashana, kowace sai kanta ya murmushe.

"Malam, ashanar nan ta yi sanyi."

Na ce a aiki yaro ya sayo wata.

"A sayo? Muna da kai a gida?" Ta miƙa hannu bayanta ta zaro muciya ta ajiye a gabana. "Gwada da wannan, tunda maburgin bai ishe ka ba."