Bangon faifai rabin waƙa ne

Kawuna ya yi aikin masaƙa a Kaduna a shekarun 1970, kuma duk abin da ya rage masa na albashi bayan cefane, faifai yake saye da shi. Yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, maƙare da fayafayan garmaho: na Shata, na Ɗan Maraya, na Fela, sai kuma na Turawa da abokansa ke kawo masa daga Legas. Mu yara ba ma kusantar garmahon, amma ranar da ya tashi da fara'a yakan bar mu mu baje a tabarma muna juya kwalayen. A nan na fara haɗuwa da wani tsoho mai gemu da malafa, ya duƙa a kan sanda, ga damin itace a gadon baya. Hotonsa na rataye a jikin wani bango da duk ya ɗaye. Babu suna a kwalin, babu rubutu ko harafi ɗaya. Wata rana Kaka ta leƙo ta gani, ta riƙe baki ta ce, "Kai ɗan nan, ashe Turawa ma suna zuwa itace?" Kawu ya ce, "Inna, ai ko'ina da talakansa."

Sai da na girma na san faifan ƙungiyar mawaƙan Ingila Led Zeppelin ne na huɗu, wanda ya fito a 1971, kuma yana cikin fayafayan da aka fi saye a tarihin kiɗan rok. Waƙoƙin cikinsa ban ji ma'anarsu a lokacin ba, ƙarar jitar ma tsorata ni take yi. Amma tsohon nan ya zauna mini a rai har yau. Shi ya sa nake da ra'ayin da zan kare a nan: bangon faifai aikin fasaha ne mai cin gashin kansa, kuma abin da ya sa na zamanin rok, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙarshen 1970, suka ƙi mutuwa shi ne mawaƙan sun yarda su janye fuskarsu su bar wani mai basira ya yi magana da ido a madadinsu.

Da can ba haka abin yake ba. A cikin takarda mara ado ake zura faifai, kamar yadda mai shago ke ƙunshe maka sukari. Wani matashi mai zane, Alex Steinweiss, shi ya shawo kan kamfanin Columbia a Amurka wajen 1940 cewa a riƙa yi wa kwalin zane. Da aka fito da babban faifai mai faɗin inci 12 a 1948, sai mai zane ya samu fili. Duk da haka, shekara da shekaru abin da aka saba gani bai wuce mawaƙi ya yi kwalliya ya yi murmushi, a dangwara sunansa a sama ba.

Mawaƙan Ingila huɗu da ake kira Beatles ne suka ɓalle wannan ƙa'ida, kuma cikin shekara uku suka ɓalle ta ta fuska uku. A 1967 suka ba Peter Blake da Jann Haworth aikin bangon faifansu mai suna Sgt. Pepper. Aka tara hotunan mutane barkatai masu tsayin mutum, su Karl Marx, su Marilyn Monroe, su Bob Dylan, har da mutum-mutumin ɗan dambe Sonny Liston, mawaƙan huɗu suka shige tsakiyarsu cikin kayan 'yan badujala. Kusan fam 3,000 aka kashe, a zamanin da fam 50 ke isar bangon faifai. Shekara na zagayowa suka juya baya ga wannan cunkoso gaba ɗaya: Richard Hamilton ya yi musu kwali fari fat, sai sunansu da aka danna a jiki da lambar da ta bambanta kowane kwafi. A ranar 8 ga Agusta 1969 kuma, Iain Macmillan ya hau tsani a tsakiyar titin Abbey Road a Landan, ɗan sanda ya tsayar masa da motoci, cikin kimanin minti goma ya ɗauki hoto shida na mawaƙan huɗu suna tsallaka titi, ɗayansu ko takalmi babu. Ba a sa sunan ƙungiyar a gaban kwalin ba. A 2010 hukumomin Ingila suka shigar da wannan wurin tsallaka titi cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

Amma inda abin ya fi burge ni shi ne aikin kamfanin zane na Hipgnosis, wato Storm Thorgerson da Aubrey Powell, abokan ƙuruciyar 'yan ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd tun daga Kambirij. Waɗannan mutane ba su yarda cewa dole mai saye ya ga fuskar mawaƙi ba. Suna zama su saurari kiɗan, su karanta baitocin, sannan su nemo hoto guda da zai ɗauki nauyin duka. Da aka zo faifan The Dark Side of the Moon a 1973, Richard Wright mai kaɗa fiyanon Pink Floyd ya ce musu ya gaji da hotuna, yana son abu mai sauƙi da tsabta. Abin da suka kawo, wanda George Hardie ya zana, baƙin fili ne, da gilashi mai kusurwa uku a tsakiya, farin haske ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan a matsayin bakan gizo. Launi shida ne ma, ba bakwai ba. In ka buɗe kwalin, layin launukan ya ci gaba a ciki har ya rikiɗe ya zama zanen bugun zuciya, kuma da bugun zuciyar faifan yake farawa, da shi yake ƙarewa. Yau za ka ga wannan zane a jikin riga a kasuwar gwanjo, a ƙirjin yaron da bai taɓa jin sunan Pink Floyd ba. Wasu kan ɗauki hakan a matsayin faɗuwar darajar aikin. Ni a wurina hujja ce: zanen ya tsaya da ƙafarsa ko da an raba shi da kiɗan.

Kuma a tuna babu kwamfutar da za ta haɗa musu hoto. A 1975, don bangon wani faifan Pink Floyd, da 'yan Hipgnosis suke son nuna yadda ake cutar mawaƙa a harkar faifai (a bakin mutanen harkar, wanda aka cuta a ciniki cewa suke yi an ƙone shi), sai suka je filin kamfanin finafinai na Warner Bros. a Kalifoniya, suka sa mutum biyu cikin kwat suna musafaha, ɗaya wuta na ci a jikinsa. Wuta ce ta gaske. Ronnie Rondell, ƙwararren mai wasan kasada a finafinai, shi ya tsaya aka cinna masa, har iska ta juya ta babbake masa gashin baki. A ƙarshen 1976 kuma, don bangon faifan da ya biyo baya, suka ɗaura wani ƙaton balan-balan mai siffar alade a tsakanin bututun hayaƙin tashar lantarki ta Battersea a Landan, igiya ta tsinke, aladen ya lula sama har ya dagula zirga-zirgar jirage a filin jirgin sama na Heathrow, daga bisani ya sauka a wata gona a yankin Kent. Wannan wahala tana fitowa a hoton. Ido yana gane abin da aka sha rana aka yi.

Na san mai hankali zai ce: Malam, duk wannan ai talla ce, kamfani ne ke son kayansa su shige. Ban musa ba, don sayarwa aka yi su. Sai dai tarihin ya nuna sau da yawa kamfanonin ne ke ja da baya, mawaƙa da masu zane suna turawa. Mutanen kamfanin faifai na Atlantic ba su so a fitar da faifan tsohon nan babu suna ba, Jimmy Page mai kaɗa jitar Led Zeppelin ya kafe. Kamfanin faifai na EMI ya sa an goge hoton Gandhi daga Sgt. Pepper don tsoron ɓacin ran mutanen Indiya. Ɗan talla so yake ka gane kaya nan take ka ciro kuɗi. Waɗannan bangwaye kuwa ba sa gaya maka komai kai tsaye, suna barinka ka zauna ka yi ta kallo tsawon minti ashirin da fuska ɗaya ta faifai ke ɗauka kafin a juya. Girmama hankalin mai saye ne, kuma ba kasafai kasuwa ke yin hakan da son ranta ba.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan nauyi, kuma ba zan kare shi ba. 'Yancin da aka ba masu zanen ya haifi abin kunya. Bangon faifan ƙungiyar Blind Faith na 1969 ya nuna yarinya ƙarama babu riga, har sai da aka canza shi a Amurka. Kamfanin da ke fitar da fayafayan mawaƙi Jimi Hendrix a Birtaniya ya cika bangon faifansa Electric Ladyland da mata tsirara, alhali shi kansa wani hoto daban ya nema, kuma bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Sunan fasaha ba ya wanke irin wannan. Abin lura dai, waɗanda duniya ta riƙe ta ci gaba da yayatawa su ne na gilashi, na titi, na tsoho mai itace.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ladan masu aikin. Fam 200 aka biya Peter Blake da abokiyar aikinsa a kan Sgt. Pepper, babu wani kaso a ciniki, faifan kuwa ya sayu miliyoyi. John Pasche yana ɗalibi ya zana wa ƙungiyar Rolling Stones tambarin leɓe da harshen nan a kan fam 50. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Har yau mutum zai lissafa maka sunayen mawaƙan da ranar haihuwarsu, ka tambaye shi wa ya yi bangon ya yi shiru.

Wannan fasaha ba ta tsaya a Turai ba, kuma ba ta hanya ɗaya ta bi ba. Roger Dean, wanda sunansa ya game duniya saboda zanen da ya yi wa ƙungiyar Yes, da aikin 'yan Afirka ya fara yin fice: giwaye masu fukafukai da ya zana wa Osibisa a 1971, ƙungiyar da su Teddy Osei 'yan Ghana suka kafa a Landan. A Legas kuma akwai Lemi Ghariokwu, wanda tun yana saurayi ya fara yi wa Fela zane a 1974, ya yi masa bango 26. Fela yakan bar shi ya saurari waƙar ya zana abin da ya fahimta, shi ya sa bangon kan zama kamar shafin jarida mai zaman kansa, soja da ɗan sanda da talaka duk a ciki. Duk wanda ya ce sai a Landan ake iya wannan, bai buɗe adakar kawuna ba.

To me ya hana mawaƙanmu na yau? Kullum hoto iri ɗaya: mawaƙi da tabarau, hannu a haɓa ko a jingine da mota, sunaye biyar jere a ƙasa. Za a ce ai yanzu a waya ake sauraro, hoton bai fi kan yatsa ba, ina amfanin wahala? Wannan hujjar ma a kansu take komawa. A ƙaramin fili fuskoki duk kama suke yi da juna, alama mai ƙarfi ce kaɗai ke fita. Gilashin Pink Floyd ko an mayar da shi kamar ƙwayar gero za ka gane shi. A 2010 ma'aikatar gidan waya ta Birtaniya ta buga bangwayen fayafayai goma a jikin kan sarki, har da na tsohon nan, kuma ƙanƙantar ba ta rage musu komai ba. Muna da dagi, muna da zanen aska takwas a wuyan riga, muna da adon soraye na Kano da Zariya da Damagaram, muna da masu rubutun zayyana da masu zanen jikin manyan motoci, muna da ɗaliban da ke fitowa daga sashen zane na jami'ar Zariya duk shekara. Mawaƙin da ya iya biyan mai kiɗa da mai haɗa sauti zai iya kiran ɗaya daga cikinsu, ya kunna masa waƙar, ya biya shi da mutunci, ya kuma rubuta sunansa a jikin aikin.

Shi kuwa tsohon nan, shekara 52 duniya na kallonsa ba a san ko wane ne ba. Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin, ya tsinci hoton ne a wani shagon tsofaffin kaya, aka yi ta ɗauka zanen fenti ne. Sai a 2023 wani mai bincike, Brian Edwards, ya ci karo da ainihin hoton a cikin wani tsohon kundi na 1892, wanda Ernest Farmer ya ɗauka. Bincike ya sa ana kyautata zaton Lot Long ne sunansa, mai baibayar ɗakuna daga garin Mere a yankin Wiltshire, matarsa ta riga shi rasuwa, shi kuma ya bi ta a 1893. Da na karanta labarin na buga wa Kawu waya, yanzu tsufa ya kama shi, idon ma ya yi rauni. Na ce, "Kawu, an gano mai itacen nan naka. Ashe mai baibaya ne." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in na zo in tuna masa mu buɗe adakar.