Motar lafiyarta ƙalau, kayan gyaran ne jabu

Na gaji da jin cewa tsohuwar motar gudu mai kujera biyu ba ta jure zuwa aiki kullum. Wa ya ce? Irin wadda nake hawa, MGB, tun 1962 ake ƙera ta har zuwa 1980, an fitar da sama da rabin miliyan, kuma masu ita sun yi ta sintiri da ita shekara da shekaru. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Masu sayar da safaya da masu gyara su ne suke kashe mu.

Ka sayi sabon kwandansa, ɗan abin da ke taimaka wa wutar fulogi, a kwalinsa, ka ɗaura, mota ta tashi sumul. Kafin ka ankara ta fara tari, ta mutu a tsakiyar titi ana ta yi maka oda ta baya. Wanda ka cire, ɗan asali, ya yi shekaru da dama yana aiki! Ka koma wajen mai kaya, ya ce ai tsufan mota ne. Tsufan mota ne ya ƙone abin da aka ƙera bana? Tiyon mai ma haka. Masu kayan sun sani sarai fetur na yanzu a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da etanol har kashi 10 cikin ɗari, kuma etanol yana cin tsohuwar roba, amma irin robar nan suke miƙo maka. Tiyon da ya tsage a saman inji mai zafi wuta yake jawowa, da ran mutum ake wasa.

Na gareji kuwa abin ya fi ƙona rai. Ka kai mota, yaro ya zo da kwamfuta yana laluben inda zai jona. Babu wurin, domin sai a 1996 aka wajabta wannan soket ɗin a Amurka. Daga nan sai kame-kame. Kafireta biyu gare ta, dole a daidaita su su riƙa jan iska daidai, a kuma ɗiga musu mai a kai. Shi kuwa sai ya murɗa ɗaya ya ƙyale ɗaya, sulo ya lalace, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Ba ya auna tazarar bawul, ba ya duba kwantak, bai ma san akwai wuraren ɗura giris a ƙafafun gaba ba. Baƙin mai kuma duk wanda hannunsa ya kai zai zuba, alhali na zamani an rage masa sinadarin zinc, wanda irin wannan tsohon inji yake bukata don kada kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, ya cinye.

Ban ce kowa sai ya iya ba. Wanda bai iya ba ya faɗa tun a bakin ƙofa, in juya. Amma a karɓi makulli, a karɓi kuɗin aiki, a dawo mini da mota ta fi yadda na kawo ta lalacewa, sannan a ce in sayar in huta? Wallahi wannan zalunci ne, kuma ba zan sayar ba.