Ta'aziyyar da ba mamaci

Ku da kuke majalisar Ƙofar Ƙaura kun san yaron nan na Yaya da ke karatu a Lesta. To shi ne da na je Ingila ya ce Kawu otal tsada, mu kwana wani tsohon gida a ƙauye, Launde Abbey, na coci ne amma suna karɓar baƙi. Tun 1119 aka kafa wurin, daga baya ya koma hannun iyalan Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ɗan Cromwell ɗin ma, Gregory, kabarinsa na cikin cocin gidan. Ko'ina tumaki, ga sanyi.

Da safe na sauko ɗakin cin abinci na tarar da Turawa cike, kowa kai a sunkuye, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Na kwaɗa gud monin da ƙarfi, shiru. Na sake, shiru. Nan zuciyata ta ce lallai rasuwa aka yi, don mu a Katsina in ka ga taro haka ai zaman makoki ne. Sai na cire hula na fara bi tebur tebur ina ba su hannu ina sori, sori, Allah shi ba da haƙuri. Wani dattijo ya miƙo hannu a tsorace, na riƙe da hannu biyu na ɗan russuna, har na dafa mai kafaɗa na tambayi mi ya sami marigayin. Ya kalli sili. Na isa tebur na gaba wata tsohuwa ta turo mani takarda da ɗan yatsa, wai zaman shiru suke na ibada, ba a magana har sai sun gama.

Shi ko wanga yaro yana can lungu yana shafa bota a burodi, kafaɗunsa na rawa. Tun daren jiya ya sani fa. Yaron da ni na biya mai kuɗin JAMB, ni na kai shi filin jirgin Kano da motata, ranar har taya ta fashe mana wajen Bichi na canza ta da shadda a jikina, uwarsa ko kuɗin faci ba ta tambaya ba. Da muka fito wai Kawu ai dokar shirun ce ta hana in yi maka magana.

Shayin ma ban sha ba. Ya ce zai zo gida hutun Disamba, na dai ce to.