Kar Kunya Ta Hana Ka Koyon Abin da Ya Wuce Ka

'Yan'uwana matasa, akwai wata ƙarya da da yawa cikinmu ke yi a ɓoye. A miƙo wa mutum keke ya ce ƙafarsa ke ciwo. A je bakin ruwa ya ce mura yake yi. Wani kuwa shekara da shekaru yana cusa igiyar takalminsa ciki saboda bai iya ɗaure ta ba, kuma ba wanda ya sani.

Ni kaina sai da na kai shekara 24 ban iya keke ba. Lokacin da sa'o'ina ke koyo ina kwance ana jinyata. Ko da na miƙe sun yi nisa, ni kuma na ji nauyin in riƙa faɗuwa gaban yaran da na girme. Ranar da na cire kunya na faɗa wa wani abokina, ko murmushi bai yi ba. Ya sauke sirdin har ƙafafuna biyu suka taɓa ƙasa, ya kwance feda, ya ce in riƙa turawa da ƙafa ina ɗagawa. "Daina kallon taya, kalli gabanka," haka yake ta maimaitawa, ni kuwa tafin hannuna sharkaf da gumi. A kwana na huɗu ya mayar da feda, na tuƙa. Abin da na fi shekara goma ina wa gudu bai ci mako guda ba.

Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fagen tarbiyya haka ne. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta bushewa kamar icce. A 2004 masu bincike a Jamus sun sa manya koyon cilla ƙwallaye uku sama suna cafewa, bayan wata uku hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke lura da motsi ya ƙaru. Tolstoy, marubucin nan na Rasha, sai da ya haura shekara 65 ya koyi keke. Abin da yaro ya fi babba da shi bai wuce wannan ba: in ya faɗi sai ya karkaɗe jikinsa ya sake hawa, ba ruwansa da wanda ke kallo.

Kuma kowane jinkiri da dalilinsa. Wani ba a samu mai koya masa ba. Wani ya taɓa jin ciwo, tsoro ya zauna masa. Akwai ma wata lalura da likitoci ke kira disfiraksiya, wadda ke sa hannu da ƙafa su yi wuyar bin umarnin ƙwaƙwalwa, kuma tana shafar kimanin yara 5 zuwa 6 cikin kowane 100 'yan makaranta. Mai ita yakan sha wuya wajen sa maɓalli, rubutu ko cafe ƙwallo, alhali basirarsa ƙalau take. Yara nawa aka kira dolaye ko malalata a kan abin da ba su suka ɗora wa kansu ba?

Ku kuma masu dariya, ku ji tsoron Allah. Mutum ya daure ya ce "ban iya ba", ka kwashe da dariya har da kiran wasu su zo su ji. Wallahi wannan dariyar kan ƙara masa wasu shekaru goma na ɓuya. Kai ma ai wani ne ya riƙe maka sirdi.

Mujahid, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, ya ce mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi ka faɗa masa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku rana ɗaya, domin barci ma na taimaka wa jiki riƙe abin da ya koya.

In abubuwan da suka wuce ka suna da yawa, fara da iyo, don shi maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021. Ina roƙonka, kar ka shiga ruwa mai zurfi don kawai kar abokai su gane ba ka iya ba, kar kuma ka tafi koyo kai kaɗai a ɓoye. Fara a inda ruwa bai wuce ƙugunka ba, wanda ya ƙware yana tsaye kusa da kai.